Kamfanin da Kawuna ya yi wa aiki shekara 30 ya karye, ga abin da ya biyo baya 🧵

1/
Jiya wani ya rubuta a nan cewa in dai ka samu aiki a babban kamfani a Amurka to kai da damuwa sai a lahira, ko ka tsufa su za su riƙe ka. Na karanta na ajiye waya. Yau dai na kasa haƙuri. Bari in ba ku labarin Kawuna, Allah Ya jiƙansa. Maganar doguwa ce, ku gyara zama.

2/
Wan mahaifiyata ne. Ya zo Amurka karatu a 1979, ya gama, ya zauna. Shekara 30 cif ya yi a wata masana'antar ƙera sassan mota a jihar Ohio. Ba zan kama sunan kamfanin ba, kuma don Allah kada a tambaye ni a akwatin sirri. Ya yi ritaya yana da shekara 58.

3/
Ni a gidansa na sauka da na zo digiri na biyu. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake cewa. Matarsa kuma Anti muke ce mata. Ya girme ta da shekara tara. Ku riƙe wannan taran, za ta dawo.

4/
Kafin in ci gaba sai kun gane abu ɗaya, in ba haka ba labarin ba zai shige ku ba. A Amurka yawancin mutanen da ba su kai 65 ba ta wurin aiki suke samun inshorar lafiya. Inshorar gwamnati ta tsofaffi, wato Medicare, sai ka cika 65. Kuma asibitin nan ba a tunkararsa da kuɗin aljihu. Kwana biyu a gado zai iya cinye abin da ka tara a shekara.

5/
To wanda ya yi ritaya a 58 fa? Shekara bakwai ke gabansa babu aiki babu Medicare. Shi ya sa manyan kamfanonin da, musamman na ƙarafa da mota da kwal, suke wa ma'aikaci alkawari: ka ba mu ƙuruciyarka, mu kuma za mu ci gaba da biya maka inshora bayan ritaya, kai da matarka, ko ka rasu ita za ta ci gaba da samu.

6/
A kan wannan alkawarin Kawu ya gina tsufansa. Yana da ciwon zuciya, an taɓa sa masa ɗan bututu a jijiya. Anti kuma ciwon suga, allurar insulin kullum. Akwai wani ɗan littafi mai shuɗin bango da aka ba shi tun yana sabon ma'aikaci. Yakan ce min, "Uwata, wannan ya fi min gida daraja."

7/
Shekara huɗu da ritayarsa kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki a kotu. A labarai muka fara ji. Kawu ko a jikinsa. Ya ce ai Babi na 11 ne, gyaran fuska kawai za su yi su dawo.

8/
Kuma ba ƙarya ya yi ba. Dokar karayar arziki ta Amurka tana da manyan ƙofofi biyu ga kamfani. Babi na 7: a rufe, a sayar da komai, a raba wa masu bin bashi. Babi na 11: a ci gaba da aiki ƙarƙashin idon alƙali, a rage nauyin bashi, a fito. Sai dai abin da mutane ba sa lura da shi, a idon masu lissafi tsohon ma'aikaci shi ma "nauyi" ne.

9/
Ga inda gizo ke saƙar. Fansho daban, inshorar lafiya daban. Tun 1974 akwai dokar da ta tilasta wa kamfani ya riƙa ware kuɗin fansho a asusu na musamman, ta kuma kafa hukumar PBGC wadda ke karɓar fanshon in kamfani ya faɗi, ta ci gaba da biya har zuwa wani ƙayyadadden adadi.

10/
Inshorar lafiyar 'yan ritaya kuwa babu mai tsaya mata. Doka ba ta ce a ware mata ko sisi ba. Yawancin kamfanoni daga cinikin wata suke biyan ta. Ranar da ciniki ya tsaya, ita ma ta tsaya. PBGC ba ruwanta da asibiti.

Wallahi ranar da na gane wannan sai da na kasa cin abinci.

11/
Ba a kan Kawu aka fara ba. A watan Yulin 1986 kamfanin ƙarafa na LTV ya shiga Babi na 11, nan take ya dakatar da inshorar lafiya da ta rai ta 'yan ritaya kusan 78,000. Haka kawai, babu sallama. Ma'aikata suka shiga yajin aiki, ƙasa ta ɗau zafi, majalisa ta shigo ciki.

12/
Daga nan aka samu dokar 1988, wadda lauyoyi ke kira sashe na 1114. A taƙaice ta ce: kamfanin da ke Babi na 11 ba zai yanke wa 'yan ritaya inshora da gaban kansa ba. Dole ya ci gaba da biya har sai ya zauna da wakilansu sun yarda, ko kuma ya gamsar da alƙali cewa in ba a rage ba kamfanin ba zai tashi ba. Dokar ta haɗa da matansu da waɗanda ke ƙarƙashinsu.

13/
Na karanta wa Kawu wannan da murnata. Ya yi dariya ya ce, "Kin gani ko, Uwata? Nan ƙasar doka ce."

Ban lura ba a lokacin cewa dokar ba ta hana a yanke ba. Cewa ta yi a yi sallama kafin a yanke.

14/
Wakilan 'yan ritaya su wa ne? In kana cikin ƙungiyar ƙwadago, ƙungiyar ce, da lauyoyinta da ƙarfinta na tsayar da aiki. In ba ka ciki, alƙali zai iya naɗa kwamiti daga cikinku.

Yanzu ku ji abin da ya fi ci min rai a duk labarin.

15/
Kawu ɗan ƙungiya ne a shekarunsa na farko. Sai aka yi masa ƙarin girma ya zama mai kula da sashe, ya koma cikin masu albashin ofis, ya fita daga ƙungiya. Mama ta ce har tuwon sadaka aka yi a gida Kano. Ashe ranar ce aka cire shi daga inuwa aka tsayar da shi a rana, babu wanda ya sani.

16/
Na raka shi taron da kwamitin ya kira, a wani zauren coci da suka ara. Tsofaffi cike, wasu da sanda, wasu da tukunyar iskar numfashi a gefe. Mata da yawa su kaɗai suka zo, mazan sun riga sun rasu. Kusan kowa da irin shuɗin littafin Kawu a hannu.

17/
Lauyar kwamitin ta ce kowa ya buɗe shafin ƙarshe. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, akwai layi biyu: kamfani yana da ikon sauya wannan tsari ko soke shi a duk lokacin da ya ga dama.

Zauren ya yi tsit. Wata tsohuwa ta ce mijinta ya rasu yana ce mata ba za ta taɓa biyan kuɗin likita ba.

18/
Waɗannan layuka biyun sun ci mutane ba adadi. General Motors ma ta taɓa raba wa ma'aikatan ofis littattafai masu cewa za a biya musu inshora har ƙarshen rayuwa. Da ta sauya, suka kai ƙara. A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta ce tunda kamfanin ya rubuta a takardun tsarin cewa yana da ikon sauyawa, to yana da shi. Kuma lokacin ko karyewa GM ba ta yi ba.

19/
A cikin karayar arziki kuwa alƙalai ma kansu ba ɗaya ba. A shari'ar Delphi, 2009, alƙali a New York ya bar kamfanin ya yanke wa 'yan ritayar ofis kusan 15,000 saboda irin wannan sharaɗi. A shari'ar Visteon, 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a, ko da sharaɗin sai an bi sashe na 1114. Kenan har garin da kamfani ya zaɓa ya kai takardarsa yana da tasiri a kan allurar Anti.

20/
Su Kawu an bi musu sashen. Wata takwas ana biya ana tattaunawa. Amma da me za su ja? Ba za su iya yajin aiki ba, sun bar aikin. Bankunan da suka riƙe jingina su ne a gaban layi. Tsoffin 'yan ƙungiya sun samu an zuba musu wani abu a asusun da za su riƙa tallafa wa kansu. 'Yan ofis aka ba su ɗan kuɗin sallama da ko wata shida na inshora ba zai biya ba.

21/
Ba na jin haushin 'yan ƙungiyar fa. Haƙƙinsu ne, su ma an rage musu sosai. Abin da na gani kawai shi ne wanda ke da jama'a a bayansa ana zama da shi a teburi, wanda ba shi da su wasiƙa ake aika masa.

22/
Wasiƙar ta zo, Kawu bai nuna wa kowa ba. Sati uku tana cikin jakar da yake ajiye Alƙur'aninsa. Anti ce ta gan ta tana shara. Ta kira ni kicin, hannunta na rawa, ta ce, "Karanta min wannan da Hausa, Turancinsu na lauyoyi ba ya shiga kaina."

23/
Da na tunkare shi cewa ya yi, "Me zan ce mata? Na ɗauko 'yar mutane daga gaban iyayenta na ce zan riƙe ta."

Maza, don Allah. Ɓoye takarda ba ya tsayar da kwanan watan da ke jikinta. Sati ukun nan daga cikin kwana 60 ɗin da doka ta ba mu na yanke shawara suka fita.

24/
Zaɓi biyu ne a gabanmu. Na farko COBRA: dokar da ke ba ka damar ci gaba da inshorar kamfani amma kai za ka biya duka, har da ƙarin kashi 2 cikin 100 na ɗawainiya. Na biyu kasuwar inshora ta gwamnati, wadda aka fi sani da Obamacare, inda tun 2014 ba a isa a ƙi ka don kana da tsohon ciwo ba.

25/
COBRA tana da wani tanadi na musamman ga 'yan ritayar kamfanin da ya karye, kuma a takarda yana da kyau ƙwarai. Ɗan ritaya zai iya riƙe ta har ya rasu. In ya rasu, matarsa na da ƙarin wata 36. In kuma mijin ya riga ya rasu kafin karyewar, ita matar za ta iya riƙewa har ƙarshen rayuwarta.

26/
Kawu na jin "har ya rasu" ya ce ita yake so. Dalilinsa mai ƙarfi ne: likitan zuciyarsa na shekara goma sha yana cikin wannan tsarin, ba ya cikin masu sauƙin kuɗi na kasuwar gwamnati. Kuɗin wata na su biyun ya haura rabin fanshonsa. Ya ce zai iya.

27/
Yadda ya iya ɗin: ya daina aika wa Mama kuɗin maganinta na hawan jini. Ya daina biyan kuɗin makarantar yara biyu na dangi da ya ɗauka. A gida aka fara ƙananan maganganu, wai Amurka ta canza shi, wai matarsa ce ta hana. Bai taɓa kare kansa ba. Har yau akwai waɗanda ban iya gaisawa da su da sakin fuska saboda abin da suka faɗa a kan Anti.

28/
Ga abin da ba mu tambaya ba, kuma laifina ne ni da na ce na iya karatu. COBRA ci gaba ne na inshorar da kamfani ke yi wa ma'aikatansa. In kamfanin ya daina yi wa kowa inshora, babu abin da za a ci gaba da shi. "Har ya rasu" ɗin nan ashe har da rasuwar kamfanin.

29/
Wata huɗu bayan nan gyaran fuskar ya gagara. Aka sayar da kadarori guntu-guntu, wani ya ɗau injuna, wani ya ɗau fili. Masana'antarsu Kawu rufe ta aka yi, babu wanda ya gaje ta balle a ce ya gaji nauyinta. Aka sallami ma'aikata, aka rufe inshorar kowa da kowa.

30/
Irin wannan ne ya samu mutanen Bethlehem Steel. Kamfanin ya shiga kotu a 2001, PBGC ta karɓi fansho, aka sayar da masana'antun, a ƙarshen Maris 2003 'yan ritaya da iyalansu kusan 95,000 suka wayi gari babu inshora. Mai saye ƙarfe ya zo saye, ba tsofaffi ba.

31/
Mu a kantin magani muka ji. Anti ta je karɓar insulin aka ce katinta ba ya aiki. Wasiƙar sanarwa sai bayan kwana tara ta iso. A daren na zauna na cike musu na kasuwar gwamnati, amma sabuwar inshora sai ɗaya ga wata mai kamawa take fara aiki. Kwana goma sha tara ke nan babu komai.

32/
A kwana na goma sha biyu ƙirjin Kawu ya riƙe. Bayan isha'i ne. Na ɗau waya zan kira motar asibiti ya riƙe min hannu. "Uwata, saura sati ɗaya. Iska ce kawai, ki dafa min citta."

Mutumin da ya yi shekara 30 yana lissafin injuna, ya zauna yana lissafin ko zuciyarsa za ta kai ɗaya ga wata.

33/
Sai da asuba da ya kasa tsayuwar sallah muka kai shi. Likita ta ce da an zo da daddare da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Ku riƙe wannan ko don wani naku: tun 1986 doka ta hana sashen gaggawa na asibiti a Amurka ya kori mara lafiya don ba shi da inshora. Takardar kuɗi za ta biyo baya, eh. Amma takarda ana ciniki a kanta.

34/
Kuma mun yi cinikin. Asibitocin da aka yi wa rajista a matsayin waɗanda ba na neman riba ba, doka ta wajabta musu su kasance da tsarin sassauci ga marasa hali. Ba kasafai za a yi maka tayinsa ba, kai za ka tambaya. Na cike fam, na haɗa takardun kotu, aka yafe kaso mafi girma. Sauran muka raba wata-wata.

35/
Wani abin kuma, sai ga tsoffin takardun kuɗi na gwaje-gwajen da aka yi masa tun inshorar na aiki. Ashe kamfanin da kansa yake biyan kuɗin asibiti daga aljihunsa, sunan kamfanin inshorar da ke jikin katin ɗan aike ne kawai mai tace takardu. Da aljihun ya bushe, abin da ba a biya ba ya dawo kan marasa lafiya. Muka shigar da takardar bin bashi a kotu muka shiga layi can baya.

36/
Kawu bai koma daidai ba. Ya rasu bayan wata goma, yana da 64, saura wata bakwai ya shiga Medicare.

Ban ce kamfani ne ya kashe shi ba. Ajali ne, kuma ciwon ya daɗe da shi. Amma daren cittar nan ba zai fita daga kaina ba, kuma na san abin da ya sa ya ce a dafa ta.

37/
Yanzu maganar taran da na ce ku riƙe. Ranar da aka binne shi Anti tana da 55. Shekara goma tsakaninta da Medicare. Kuɗin da gwamnati ke ba matar mamaci daga Social Security sai ta kai 60, shi ma a rage. Abin da suka ba ta a take dala 255 ne, kuɗin rasuwa da ake bayarwa sau ɗaya. Ban yi kuskuren rubutu ba, 255.

38/
Inshorar rai da kamfani ya yi wa Kawu alkawari, wadda ya ce da ita za a yi jana'iza a biya ragowar bashin gida, tare da ta lafiya ta tafi, don a kwando ɗaya suke. Jama'ar masallaci ne suka haɗa kuɗin kabari. Allah Ya saka musu, 'yan Najeriya, 'yan Gana, 'yan Somaliya, har da wani Bafalasɗine mai shago da ban san sunansa ba har yau.

39/
Abu ɗaya ne ya tsaya da ƙafarsa: fansho. Lokacin ritaya an ba Kawu zaɓi, ya karɓi mai yawa wanda zai tsaya ranar da ya rasu, ko ya karɓi ragagge amma matarsa ta ci gaba da samun rabi. A dokar Amurka miji ba zai iya zaɓar na farkon ba sai matar ta sa hannu ta yarda.

40/
Anti ta ba ni labari cewa ya kawo mata takardar ya ce ta sa hannu, kuɗin zai fi yawa, za su fi taimakon gida. Ta ce masa, "Alhaji, ban taɓa ƙin maganarka ba, amma wannan ka bar min." Sun yi kwana biyu ba sa magana sosai. Rabin nan shi ne yau yake biyan kuɗin wuta da harajin gida.

Mata, ku ji da kyau.

41/
Akwai waɗanda suka ƙwaci nasu fa, kada in sa ku ɗauka kullum haka ake ƙarewa. Masu haƙar kwal misali. Tun 1946, zamanin shugaba Truman, aka yi yarjejeniya da ƙungiyarsu a kan asusun lafiya da ritaya. A 2007 Peabody ya ɓalle wani sashe nasa ya zama Patriot Coal, aka ɗora wa sabon kamfanin nauyin tsoffin ma'aikata masu ɗimbin yawa. A 2012 Patriot ya karye.

42/
Da yawansu ko kwana ɗaya ba su yi wa Patriot aiki ba, sun yi ritaya kafin a haife shi. Tsofaffi masu ciwon huhu suka riƙa cika motoci zuwa St. Louis da Washington, ana kama wasu a zanga-zanga. Sai a watan Mayun 2017 majalisa ta tabbatar da inshorar mutum sama da 22,000, har da matan da mazansu suka rasu.

43/
Shekara biyar suna abu ɗaya, da ƙungiya, da sanatocin jihohinsu, da tarihin alkawarin da gwamnati ta sa hannu a ciki. Su Kawu 'yan ɗaruruwa ne a warwatse. Wa zai kai kukansu majalisa?

44/
Ma'aikatan mota kuma dabara suka yi tun kafin ruwa ya ci su. A 2007 ƙungiyarsu ta yarda a cire inshorar 'yan ritaya daga hannun GM da Ford da Chrysler a mayar da ita asusu mai zaman kansa. Da GM da Chrysler suka karye a 2009 an taɓa su, an cire musu na haƙori da na ido, an biya asusun da hannun jari maimakon tsabar kuɗi. Amma asusun bai mutu ba, don ba a cikin aljihun kamfani yake ba.

45/
Na san wani zai ce to mu ina ruwanmu, a Kano muke. Ku tambayi 'yan Kakuri a Kaduna me ya faru da iyayensu bayan rufe masaƙar KTL a 2002, shekara nawa aka yi ana jiran haƙƙi, mutum nawa suka rasu suna jira. Doka daban, ƙasa daban, amma tambayar ɗaya ce: kuɗin da aka yi maka alkawari, yana ina a yanzu, kuma sunan wa ke kansa?

46/
Masu shirin tahowa, da waɗanda iyayensu ke aiki a nan, ku nemi cikakkiyar takardar tsarin inshorar, ba ɗan littafin talla ba. Ku fara karantawa daga shafin ƙarshe. Ku tambaya in mai aikin ya rasu me matar za ta samu, kuma har yaushe. In kun ji kamfani ya shiga kotu, duk wasiƙar da ta zo a buɗe ta ranar, a duba kwanan wata kafin komai.

47/
Ɗaya kuma da ya kusa cin wani abokin Kawu: in ka cika 65 ka yi rajistar sashen B na Medicare a kan lokaci, ko kana da inshorar ritaya ko COBRA. Waɗannan biyun ba sa ba ka uzurin jinkiri. In ka makara akwai tarar kashi 10 cikin 100 a kan kowace shekara da ka bari, kuma tarar tana bin ka muddin kana biya.

48/
Anti yanzu tana aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare. Matar da ta yi shekara ashirin da wani abu ba ta fita aiki ba sai girkin suna da biki da take yi wa 'yan uwa. Ƙarfe biyar da rabi take fita, ko ana zuba ƙanƙara. Albashin ba wani abu ba ne, don katin inshorar take yi.

49/
Mama ta sha ce mata ta dawo gida. Ta ce ta dawo ta ci me, ta yi allura da me, ga ƙaramin ɗansu bai gama jami'a ba. Kuma kabarin Alhaji a nan yake.

50/
Watan jiya kotu ta aiko mata da cekin kasonmu na waccan takardar bin bashin. Bai kai kuɗin cefanen sati biyu ba. Ta ɗauki hotonsa ta turo min, ta rubuta a ƙasa, "Giratutin Kawunki ya iso." Ta sa fuskar dariya. Ni na kasa mayar mata da komai sai da na kira ta da daddare.

51/
Shuɗin littafin yana nan a jakar Alƙur'anin, tare da wasiƙar. Na ce ta bar ni in yar, ta ce a'a, rubutun hannunsa na ciki. Da na duba, a gefen shafin da ya yi maganar matar ma'aikaci ya ja layi da jan biro ya rubuta sunanta.

A watan Maris za ta cika 58. Saura bakwai.